Gatanar Manya: Abin da Samarin Bukkuyum Ke Nema a Finafinan Almara

Da an idar da sallar isha'i, Bukkuyum takan yi tsit da wuri, ba kamar yadda muka san ta muna yara ba. Amma akwai wurin da ba ya rasa mutane: bakin shagon mai cajin waya. Janareta na ruri a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takardarta, can ciki kuma ga tsohuwar kwamfuta da ake tura finafinai daga cikinta zuwa memori. A kan benci samari ne, kawuna huɗu ko biyar a kan waya ɗaya, hasken gilashinta na wasa a fuskokinsu.

A nan na tarar da ɗan yayana. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'yarsa ƙarama. Da damina manomi ne idan daji ya bari, da rani kuma yakan bi abokai wajen haƙar zinari. Na tsaya a bayansa har na gaji bai san na zo ba.

"Mi kaka kallo haka tun ɗazu?"

"Bahubali na, Baffa."

"Ai ka gane shi bara."

"Na gane shi ya kai sau goma."

Na leƙa. Wani ƙato ne yake hawan dutse, ruwa na kwararo masa daga sama, yana zamewa yana faɗowa, yana sake hawa. Da ya buɗe baki sai Hausa ta fito, Hausar Kano tsantsa. Na ce masa ai wannan tatsuniya ce. Ya ɗago kai ya dube ni kamar na rage masa daraja.

"Gatana ta mata da yara ta, Baffa. Wanga fim na."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ina ganin rabinta gaskiya ne, rabinta kuma kuskure ne da dukanmu muka gada.

Bahaushe ya daɗe da raba magana gida biyu. Akwai labari, na maza, wanda ake yi a zaure ko a gindin bishiya, na yaƙi da sarauta da fatauci, kuma ana ɗaukarsa abin da ya faru. Akwai kuma tatsuniya, wadda mu nan yamma muke kira gatana, ta tsofaffi mata da yara, ta dare, ta tsakar gida. Har tsoratar da mu ake yi cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓace. Mai yin ta kan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ke ciki, wato ita kanta ta san ba a wannan duniyar abin ya faru ba. Yaro namiji da ya fara tasawa, ya fara kwana a zaure, sai ya bar ta a baya tare da sauran kayan ƙuruciya. Idan magana ta fita daga hankali sai a ce da mai ita ya daina yi mana tatsuniya.

Amma in an duba da kyau, manyan ba su taɓa barin ta da gaske ba. Tarin tatsuniyoyin Hausa mafi girma da aka buga, wanda Frank Edgar ya fitar cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, akasarinsa daga lardin Sakkwato aka tattaro shi, lardin da ƙasar Zamfara take ciki a wancan zamani. Kuma ba yara suka rubuta shi ba, malamai ne masu gemu suka zauna suka zuba shi da ajami. Sun san labaran sarai, ba su manta ko ɗaya ba. Da aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya, me marubutan suka kawo? Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, ya aro sunan daga tatsuniya, ya cika shi da aljannu da tafiya mai nisa. Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, wanda ya fara da yaƙin Turawa ya zarce zuwa ƙasashen aljannu. Bayan shekaru Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A zamaninmu littattafan yaƙi na su Abdulaziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da bokaye da takubban tsafi, magidanta ne suke sayensu, yanzu kuma suna sauraron karatunsu a waya. Kunyar sunan ce kawai ake ji. Da an sauya mata riga, an ce littafi ne ko fim, sai babba ya zauna ya saurara hankalinsa kwance.

Ba mu kaɗai ke da wannan kunyar ba. J.R.R. Tolkien, farfesan Oxford da ya rubuta The Lord of the Rings, ya gabatar da lacca a jami'ar St Andrews a 1939 musamman don ya kare irin waɗannan labarai. Hujjarsa ita ce ba don yara aka ƙirƙire su ba tun asali, tura su ɗakin yara aka yi kamar yadda ake tura tsohuwar kujera idan manya sun gaji da ita. Ko tarin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka fara bugawa a 1812, aikin masana ne, sai daga baya aka riƙa tace shi don ƙanana.

Yadda fim ya iso Bukkuyum ma labari ne. Tun shekarun 1950 da 1960 'yan kasuwa Kwarori suke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, mutane suka kamu da su ba tare da suna jin yaren ba. Cikinsu akwai na macizai masu rikiɗa su zama mata, irin Nagin na 1976 da Nagina na 1986, da na Hatim Tai mai yawon warware matsalolin mutane. Bahaushen da ya tashi da labarin macijin da ya zama saurayi ya auri budurwa bai buƙaci tafinta ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin sun yi dogon nazari a kan wannan ƙauna. Da namu suka fara yin fim na bidiyo, daga Turmin Danya na 1990, ba a daɗe ba suka koma rumbun kaka: kamfanin Sarauniya ya mayar da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim a ƙarshen shekarun 1990.

A Zamfara kuwa, bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, an rufe gidajen silima. Kallo ya koma cikin gida, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. Sannan masu fassara na Kano, waɗanda Algaita ta fi shahara a cikinsu, suka ɗora wa jaruman Indiya muryar Hausa, har da karin magana da zambo da habaici. Wannan ne ya ƙarasa aikin. Fim ɗin da aka yi da yaren Telugu a Kudancin Indiya ya zama ana jin sa kamar a bakin wata tsohuwa ta bayan gida. Ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, finafinan ba su tsaya ba. Ba sa buƙatar sabis. Daga waya zuwa waya suke tafiya, hannu da hannu, kamar yadda gatana take tafiya daga baki zuwa kunne.

To me ɗan yayana yake nema a Bahubali har sau goma?

Fim ɗin S.S. Rajamouli ne, kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017. An tsinci jariri a kogi, wasu talakawa mazauna gindin wani dutse mai ambaliyar ruwa suka raine shi. Ya tashi da ƙarfin da ya fi na kowa, amma ba shi da abin yi da shi. Abu ɗaya ne ke cin ransa: me ke can saman dutsen? Uwar riƙonsa tana hana shi, yana hawa yana faɗowa, shekara da shekaru. Ranar da ya kai sama sai ya tarar ashe shi ɗan sarki ne, an kashe ubansa da makirci, uwarsa Devasena tana ɗaure da sarƙa a tsakiyar birnin Mahishmati shekara ashirin da biyar tana jiransa. Ƙarfin nan da ya rasa inda zai kai shi, ashe an tanadar masa aiki tun kafin ya yi wayo.

Na lura ba wurin yaƙin yake yawan maimaitawa ba. Wurin hawan dutsen ne. Kuma na fahimce shi. Saurayi mai jini a jika, mai lafiya, ya yi allo ya yi boko gwargwado, ga ƙarfi ga niyya, amma gonar ubansa tana inda ba a zuwa sai an biya harajin 'yan bindiga, aikin gwamnati sai mai hanya, jari babu. Gari ya waye, gari ya yi duhu. Ba yunwa kaɗai ke damun irin wannan mutum ba. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ya ji babu wanda ke jiransa da wani aiki, ko ya tashi ko ya kwanta duk ɗaya ne ga duniya. Sai ga labari yana ce masa: wannan ƙaiƙayin da kake ji a zuci ba banza ba ne, akwai abin da aka ajiye maka, akwai wanda yake ɗaure yana jiran ka iso.

Dole in tsaya a nan, domin na san abin da mai karatu zai ce. Musulmi bai rasa sanin dalilin zuwansa duniya ba. Ɗan makarantar allo ma ya san an halicce shi ne don bautar Allah, kuma ba daga Indiya ko Amurka za a zo a koya masa wannan ba. Malaman da ke ƙyamar waɗannan finafinai suna da hujja: akwai gumaka a ciki, akwai sihiri, akwai shigar da ba ta dace ba, akwai kuma ɓata lokacin da ya kamata a yi wani abin. A Bahubali ɗin kansa akwai wurin da jarumin ya ɗauki dutsen bautarsu a kafaɗa. Ba na raina wannan damuwa. Sai dai tambayar da samarin ke fama da ita wata ce daban. Sun san Wanda suke bauta wa. Abin da ba su sani ba shi ne da wane aiki, a wane fage, don amfanin wa za su ƙarar da ƙarfinsu tsakanin asuba da isha'i. A da gandu ne ke amsa wannan. Ɗan maƙeri ya san maƙera na jiransa, ɗan masunci ya san gulbi, ɗan malami ya san allo. Ba sai ka nemo kanka ba, an riga an aje maka gurbi. Yau gandun ya watse, gurbin ya cike, an bar kowa da tambayarsa.

Masu nazarin labarai sun ce ƙashin bayan irin waɗannan finafinai ɗaya ne. Joseph Campbell, a littafinsa na 1949, ya nuna yadda tatsuniyoyin al'ummai da yawa ke bin hanya guda: mutum yana zaune sai kira ya zo, ya bar gida, ya gamu da mai taimako, ya sha wuya, ya samo wani abu, ya komo da shi. George Lucas ya faɗa da bakinsa cewa wannan littafi ya taimaka masa wajen gina Star Wars na 1977. Harry Potter, maraya da ke kwana a ƙarƙashin matakala a gidan 'yar'uwar uwarsa, ai ɗan bora ne da muka sani. Bayajidda ma baƙo ne da ya iso Daura da dare yana neman ruwa, ya tarar da aikinsa a bakin rijiyar Kusugu.

Amma ba duk tafiya ce iri ɗaya ba, kuma a nan ne nake da magana da Bahubali da ire-irensa. Darajar jarumin daga jininsa take. Ya cancanci komai ne saboda ɗan sarki ne, kuma aikin da aka ajiye masa ramuwar gayya ce, da takobi, har sai ya ƙone bos a gaban jama'a. A wata ƙasa wannan nishaɗi ne kawai. A ƙasar Anka da Bukkuyum, inda a farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka aka kashe mutanen da gwamnati ta ce 58 ne, mazauna kuma suka ce sun kai 200, kalmar ramuwa ba ta fim ba ce. Kowane ɓangare na wannan masifa yana da labarin da yake ba kansa, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: an zalunce mu, an kashe namu, an kwashe dukiyarmu, ni ne wanda zai rama. Yaron da ya shiga daji ya rataya bindiga shi ma yana ganin kansa akta ne, ba bos ba. Shi ma yana jin ya sami abin da aka halicce shi domin shi. Ba na cewa fim ne ya kai kowa daji. Rikicin ya girmi wayoyin nan, kuma tushensa na cikin gona da burtali da rashin adalci da talauci. Abin da nake cewa shi ne ƙishirwar ɗaya ce, kuma wanda ƙishirwa ta kama ba ya tsayawa tantance ruwa.

Gatanar da kakata ta yi mana ta Ruwan Bagaja ba haka take ba. Ina iya tuna daren: farin wata, tabarma a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa tana magana, mu kuma mun yi zobe. 'Yar bora ce aka ɗora wa laifin da ba nata ba, aka kore ta ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, wurin da ba wanda ya san inda yake. Ba takobi, ba doki, ba jinin sarauta. Ta bi hanya tana gamuwa da koguna na abinci iri-iri suna kiranta ta ci, ta ƙi tsayawa domin ba su aka aike ta ba. Ta iso gidan da ta tarar da cinya da kare suna zaune kamar mutane, ba ta yi dariya ba, ba ta yi tsegumi ba, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da aka sa ta. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Daga cikinsa arzikinta ya fito. 'Yar mowa da ta biyo sawu don kwaɗayi ta ci duk abin da ta gani, ta yi rashin kunya, ta ɗauki babban ƙwai, ta kwaso wa kanta bala'i. Haka ma a Daskin-da-Riɗi: yarinyar da aka raina ce ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya, ita ce kuma aka gaya wa sunan da kowa ke nema.

Abubakar Imam da ya ɗauki sunan ya mayar da tafiyar ta namiji, bai sauya zuciyarta ba. Jarumin littafin, Alhaji Imam, bai bar gida don ya ci sarauta ba. Ya tafi nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki mara lafiya, ya kuma wanke wanda ya raine shi daga kunyar da aka ba shi a fada. Magani ya je nema, kuma ya komo da shi gida. Wannan shi ne jarumin da muka gada: wanda aka aika, ya riƙe saƙo, ya dawo.

Akwai fim ɗaya na Turawa da nake ganin ya fi kowane kusa da ƙasarmu, shi ya sa na zaunar da ɗan yayana muka kalle shi a kwamfutata dare uku a jere, ina fassara masa da baki. The Lord of the Rings ne, wanda Peter Jackson ya ɗauka a Niyu Zilan, ya fito kashi uku a 2001 da 2002 da 2003, na ƙarshen ya ci kyautar Oska 11. Akwai sarakuna a ciki, akwai mayaƙa da matsafa. Amma ba a ɗora nauyin duniya a wuyan ɗayansu ba. An ɗora shi a kan Frodo, ɗan wata ƙabila ta gajeru manoma da ba wanda ya san da zamansu, da Sam mai yi masa aikin lambu. Kuma aikin ba nemo dukiya ba ne. Zoben zinariya ne a hannunsu, mai ba da iko, mai cinye zuciyar duk wanda ya riƙe shi, aka ce su kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi su jefa.

Kashi na uku yana buɗewa da wasu 'yan'uwa biyu suna kamun kifi cikin raha. Ɗaya ya faɗa ruwa, ya ga wani abu na ƙyalli a cikin laka, ya fito da shi a tafin hannu. Ɗayan ya ce a ba shi. Kafin a ce kwabo ya shaƙe ɗan'uwansa har lahira. Da muka zo nan ɗan yayana ya ce in tsayar. Ya yi shiru yana kallon hannun nan mai laka da zinariya a tsakiya. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mun san abin da muke tunawa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen bibiyar sanƙarau suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, suna amai, suna suma, jikinsu na karkarwa. Ba sanƙarau ba ne, gubar dalma ce. Farashin zinari ya tashi a kasuwar duniya, ya haura dala 1,000 kowane oza, mutane suka koma haƙa. Dutsen da ake haƙowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu suka tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka yi nata. Tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarmar gatana, ita ce ta zama guba.

Ba wanda zai zargi iyayen nan. Talauci ne ya kai su, ba su san abin da ke cikin dutsen ba. Har yau kuma zinarin bai bar mu ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019 saboda alaƙarta da 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disambar 2024, a tsakani kuma ramukan ba su taɓa zama babu kowa ba. Kowane saurayi da ke shiga rami yana ɗauke da tasa tatsuniyar: wata rana zan bugi jijiyar da za ta sauya rayuwata, in sayi babur, in gina ɗaki, in kai uwata Makka. Yana da abokin da aka ce ya samu. Yana kuma da abokin da rami ya rufta da shi.

Tolkien ya san wannan irin ciwo ta wata fuska. Ya yi yaƙin duniya na farko, yana cikin ramukan fagen Somme a Faransa a 1916, ya rasa aminansa na ƙuruciya a can. Shi ya sa labarinsa bai yi wa kowa alkawarin banza ba. Frodo da ya isa bakin wutar, bayan duk wahalar nan, ya kasa jefa zoben, ya ce nasa ne. Gollum, wancan da ya shaƙe ɗan'uwansa, wanda aka sha barin sa da rai don tausayi, shi ya cije yatsan ya faɗa wuta da zoben. Tausayin da aka yi tun da nisa shi ya ceci duniya, ba ƙarfin dantse ba. Frodo ya koma gida da raunin da bai warke ba, ya kasa jin daɗin ƙasar da ya ceta. Yaro ba zai gane wannan ba. Sai wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya kai inda aka aike shi, ya tarar shi kansa ya sauya. Irin wannan ce gatanar manya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da kayan da za mu yi namu, amma sai mu aro. Kannywood ta fi ƙarfi a soyayya da rikicin gida, kuma ina gane dalili: aljani da dodo da birnin tsafi suna cin kuɗi, kasuwar fim ɗin Hausa kuwa ba ta da kauri. Amma Ruwan Bagaja ba ta buƙatar rundunar giwaye. Tana buƙatar yarinya ɗaya, hanya, gulbi, da mai ba da labari da ya yarda da abin da yake faɗa. Ƙasar Zamfara kaɗai tana da sarauniya 'Yargoje da fitilarta, tana da tsohon Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci, tana da mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe waɗanda makaɗa irin su Kassu Zurmi da Ɗan Anace suka mayar da su kamar ba mutane ba. Yaron da ke iya zama sa'a uku yana kallon Mahishmati zai iya zama ya kalli Birnin Zamfara. Matan da ke riƙe da waɗannan labarai kuma suna ƙarewa. Da yawansu yau suna zaman gudun hijira a Anka da Gummi da cikin garin Bukkuyum, a ɗakunan aro da azuzuwan makaranta, inda ba tsakar gida, ba kwanciyar hankalin da za a ce ga ta nan ga ta nanku.

A dare na uku, da fim ya ƙare, janaretan maƙwabta ya riga ya mutu, sai hasken kwamfutar kawai. Na zaci zai tambaye ni labarin sarkin da aka naɗa, ko matsafin nan mai farin gemu da sandarsa. Sai ya ce:

"Baffa, shi wancan mai ɗaukar kaya, Sam, mi ya samu?"

Na ce masa ya koma garinsu, ya auri yarinyar da yake so, ya haifi 'ya'ya, ya ci gaba da aikin lambunsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya jinjina kai. Ya ce gonarsu ta fadama, wadda kakansa ya sare, damina biyu ke nan bai taka ta ba. Ya ce akwai wata tsamiya a bakinta da ubansa ke ɗaure jaki, yana son ya san ko tana nan. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in tura masa fim ɗin a memori ko da ba fassara, ya riga ya san abin da suke cewa.